Kurakurai Ashirin da Bakwai da Aka Ɗora wa Ƙanena

Na Allah ne mu, kuma hannunsa za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Laraba, tara ga watan uku, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanena, autanmu, wanda 'yan fim suka sani da Malam Jiya. Yana zaune a kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, matarsa ta shiga ɗebo masa ruwan shan magani, kafin ta fito ya tafi. Shekararsa sittin da ɗaya. Ni na goya shi, shi ya kamata ya raka ni, amma ga ni zaune ina ba da labarinsa.

Ban yi makaranta ba. Ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi abina. Babbar 'yarsa, Malama, wadda ke koyarwa a firamare, ita ke riƙe da biron nan. Na ce mata abin da ya fito daga bakina shi za ta sa, kar ta gyara, kar ta shafa masa mai. Ta ce, "Gwaggo, ba a faɗa a cikin ta'aziyya." Na ce a tawa za a yi. Kwana goma sha biyu ina zaune ana shigowa ana ce mini haƙuri, ina cewa na gode. Haƙurin ya cika mini ciki, yau zan amayar.

Auta, da kai nake yanzu.

Wanda bai san aikinku ba zai ce wane irin suna ne Malam Jiya. To fim ba a jere ake ɗaukarsa ba. Mutum zai buɗe ƙofa ran Litinin, ba zai shiga ɗakin ba sai ran Alhamis, wani lokacin ma ɗakin a wata unguwa yake. Kai ne mai tsayawa da littafi kana tabbatar da cewa wanda ya buɗe ƙofar shi ne ya shiga: hular nan ce, takalmin nan ne, agogo na hannun da yake, kofin shayi in rabi aka bari rabi za a tarar. Komai sai ka zana shi, da biro kala uku, baƙi da shuɗi da ja. Da an ce za a ɗauka sai a ji muryarka daga bayan kyamara, "A dakata, jiya ba haka yake ba." Tun suna tsaki har suka mai da shi sunanka. Shekara talatin da biyu kana wannan aikin, ba wanda ya taɓa tafa maka, don aikinka in ya yi kyau ba a ganinsa.

Idon nan naka tun kana rarrafe yake. Innarmu in ta matsar da tulu daga inda yake, sai ka zauna gabansa kana kuka har a mayar. Kuma ba kaya kaɗai kake gani ba, har mutane. Wata rana ina shigowa da bokitin ruwa ka tsare ni, ka ce, "Yaya, wata biyu ke nan kin koma ɗaukar bokiti da hagu. Me ya sami daman?" Ni ko 'ya'yan da na haifa ban gaya musu ba. Washegari ka bar aikinka ka kai ni asibiti, ka zauna a benci tun safe har la'asar. Likitan ya ce da na ƙara wata shida da kafaɗar ta tafi. Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa ana sa ta cikin masu wucewa a bayan 'yan wasa, kullum in aka raba abinci sai ta ce ta ƙoshi. Kai ka lura cewa ƙunshe nata take tana kai wa mijinta da ke kwance. Daga ranar kullum ba ka jin yunwa, kullum naka ya yi maka yawa, sai ka tura mata ba ka ko kalle ta ba. Ta zo gaisuwa, ta yi kukan da har sai da ni na koma ba ta haƙuri.

Da mijina ya rasu, kai ka kai ni wurin aikinku ka ce ga mai wanki da guga. Kayan 'yan wasa kuwa ba kamar na gida ba ne. Wata rigar dole ta kwana da dattinta, don gobe da dattin za a ci gaba. Sauran ma'aikata takarda kake liƙa musu. Ni da ban iya karatu ba, sai ka sayo jan zare. Duk rigar da ka ɗaura wa jan zare a ramin maɓallin wuya, ka ce ko kashin kaji ne a jikinta kar ta ga ruwa. Ba ka taɓa faɗa a gaban mutane dalilin zaren ba. Suka ɗauka wata dabarar aiki ce, har wasu suka kwaikwaya. Shekara goma sha huɗu muna haka ni da kai.

Malama, ki rubuta zaren nan da kyau, zan dawo kansa.

Sai fim ɗin nan na ɗan sanda mai tumbi, shekara huɗu ke nan. Na barkwanci ne, an yi shi don a tsokani finafinan 'yan sanda da ɓarayi, irin waɗanda jarumi ke dukan mutum goma hularsa ba ta faɗi ba. Ban taɓa ganin ka ji daɗin aiki kamar wannan ba. Ka ce yau za ka rama, duk shirmen da ka shekara talatin kana hanawa yau da gangan za ka yi shi. Kai ka kawo maganar ƙaramar bindigar nan mai cin harsashi shida, wadda ta yi ta harbi har mai ita ya gaji ya sauya hannu. Kai ka ce gashin bakin ɓarawon ya riƙa ƙaruwa duk fitowa, kana aunawa da rula, faɗin yatsa ɗaya ba ƙari, har a ƙarshe yana shiga masa kofi. Tagar da aka fasa sau uku tana komawa garau, mutumin da aka harba ya tsaya ya yi wasiyya ya nemi ruwa ya ce bai yi sanyi ba, duk naka ne. Ina bayan gida ina guga ina jin dariyar ma'aikata. Guda goma sha ɗaya ka shirya, ka ƙirga mini su a yatsu.

Kuma ka gaya wa Darakta a gabana. Ka ce in za a yi shirme da gangan, to duk abin da ke kewaye da shi sai ya zama daidai ƙwarai, in ba haka ba mai kallo ba zai gane wanne aka yi don ya yi dariya ba, wanne ne sakaci. Ya dafa kafaɗarka ya ce, "Malam Jiya, barkwanci ne fa, ba karatun likita ba. Wa zai lura?"

Wa zai lura. Maganar nan na ji ta a wurin nan har ta zame mini kamar ƙarar injin wuta. Bandejin da ke hannun hagun Mai Tumbi, jarumin fim ɗin, ya koma dama, don ya ce fuskarsa ta fi kyau ta wancan gefen. Ka ce jiya ba haka yake ba. Wa zai lura. Mota ta shiga kwana fara ta fito ruwan toka, don mai farar ya zo ya karɓi abarsa. Ka ce a jira gobe. Wa zai lura. Likita ya ɗora abin awo a ƙirjin dama yana sauraron zuciya, don kyamara a can take an ƙi matsar da ita. Alƙali ya yanke hukunci a ofishin 'yan sanda, a kan teburin da ake rubuta ƙara, don an yi ƙyuyar neman wani ɗaki. Mutum ya shigo daga cikin ruwan sama sharkaf, ya juya ya rufe ƙofa, ya juyo a bushe har da karin guga. Ni na yi gugar, ni aka ce in kawo rigar, ka tare ni a hanya ka ce ba ita ba ce, Darakta ya fizge ta daga hannuna. Tarho ana ta magana a cikinsa igiyarsa na reto a ƙasa kowa na gani. Duk wanda ka faɗa aka ƙi, sai ka koma gefe ka zana hotonsa a littafi, ka zana ɗan ƙaramin baki a buɗe a kusa da shi, wato na faɗa. Ban iya karatu ba amma na san bakunan nan. Na ƙirga su ranar da aka tashi daga aikin. Goma sha biyar.

Da fim ya fito, wata guda ana dariya, Darakta na yawo gidajen rediyo yana cewa basira ce daga Allah. Sai wani mai surutu a waya, irin masu zama gaban kyamara suna tsinka aikin mutane, ya zauna ya tsince shi tsaf. Yana tsayar da hoto, yana zagaye wuri da jan layi, yana ƙirgawa. Ashirin da bakwai. Ya haɗa gashin baki da bandeji, ya haɗa bindigar da motar, duk ya zuba a kwando ɗaya. Ya bar babban a ƙarshe, na rigar tawada, ya ce wannan kam ko jariri ya gani. Da ya gama sai ya kai hoton wurin sunayen nan da ke hawa a ƙarshen fim, ya tsayar a kan naka, ya karanta shi a hankali har sau biyu. Ya ce, "Wannan bawan Allah an ce aikinsa lura. Jama'a a taimaka a haɗa masa tabarau."

Kai mai ƙirga, in wannan takarda ta iso ka, ka iya ƙirga, ban hana ka ba. Ashirin da bakwai ɗin daidai ne. Amma mutumin da ya zauna ya kalli gashin baki na tsawo faɗin yatsa faɗin yatsa har sau bakwai, bai taɓa raguwa ba, bai taɓa tsallake ba, ya ce wai mantuwa ce, to wa ke bukatar tabarau tsakaninku? Ka san yadda ake ajiye gashin bakin roba guda bakwai a gwangwani bakwai, kowanne da lambarsa, sati shida? Ka yi dariyarka ta minti goma ka tashi ka ci abinci. Ƙanena kuwa shekara uku ya yi yana cin ta.

Don daga nan waya ta daina kiransa. Mutanen da ya tsare wa mutunci shekara da shekaru, waɗanda ba don shi ba da an ga jaruminsu ya shiga masai da farar riga ya fito da baƙa, suka ce ai Malam ya tsufa, ido ya tafi. A bakin titi masu gyaran babur na ce masa, "Malam, yau Laraba ce ko jiya?" Wani mara kunya ya aiko masa da tabarau na roba a cikin ambulan. Ya karɓa ya ce a gode masa, ya sa a aljihu. Darakta kuwa aka tambaye shi a rediyo, ya yi 'yar dariya ya ce shi ba ya son kama suna, amma kowane aiki da mai shi. Ina zaune ina guga na ji, sai da na ƙona wa mutane hannun riga.

Ban ce su suka kashe ka ba, Auta. Kwana ne ya ƙare, na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma na ga yadda ka koma. Mutumin da ba ya iya wuce hoto a karkace a bangon wani sai ya gyara, ya zama ana zuba masa shayi a kofin da ba nasa ba ya sha abinsa.

Ke ma Malama, kar ki sunkuyar da kai, rubuta. Yaran ajinki sun yi ta zana tabarau a allo, kika dawo gida a fusace kika ce masa, "Baba, da ka bar aikin nan tun idonka na gani, da ba a kai mu nan ba." Ina wurin. Ya ce, "Gaskiyarki, uwata." Ban kawo wannan don in tona miki ciwo ba. Na kawo ne don shekaranjiya na ga kin tattara littattafansa kin cusa a buhu kin ajiye bayan ƙofa, kin ce wa mahaifiyarki a ba mai shago ya riƙa ƙunshe kaya. Buhun nan shi ya sa na ce ki ɗauko biro.

Kafin nan bari in gama da Darakta. Ya zo gaisuwa rana ta biyu, da mutum biyu masu kyamara. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi jawabi, aka sa a waya, Malama ta nuna mini. Ya ce shekara goma sha biyu kuna tare. Sha tara ne. Ya ce ka bar 'ya'ya uku. Huɗu ne, na huɗun ma shi ya shimfiɗa masa tabarma. Ya ce an yi rashin ginshiƙi, sai ya fashe da kuka. Na ce Malama ta mayar mini baya. Hankicin na hannun hagu, da ya ɗago kai ya koma dama. Tabaransa na kan hanci, sai ga shi a goshi. A bayansa kuma ana hango igiyar shanyar maƙwabta: da ya fara kukan riga uku ce a kai, da ya share hawaye sun zama biyar. Ni mai wanki ce, na san lokacin da mace ke ɗauka ta wanke riga biyu ta matse ta shanya. Sau biyu ya yi kukan nan, Auta. Na farkon bai yi masa kyau ba aka sake. A ƙofar gidanka, ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Kuma ko a nan bai sami mai ce masa jiya ba haka yake ba.

To, cikin ashirin da bakwai ɗin nan, sha ɗaya naka ne na gangan. Sha biyar na Darakta ne. Malama, ke ce mai lissafi, saura nawa?

Ɗaya. Rubuta.

A fim ɗin, biro ya fashe wa ɗan sandan a aljihun farar rigarsa tun farko, tawada ta yi tabo kamar tafin hannun yaro. Labarin duka a kan tabon nan ya rataya. Can tsakiya ɓarawon zai rungume shi, tawadar ta shafe shi, a ƙarshe da ita za a gane shi. Rigar guda ɗaya ce. Kwana biyar Mai Tumbi na gudu a cikinta cikin rana. Ran na biyar da aka tashi, ya tuɓe ta ya jefo mini a gaban mutane, ya ce, "Iya, rigar nan in kika sake ta da ƙafarta za ta tafi gida. Ko sabulun ma sai an rubuto miki a takarda?" Aka yi dariya. Shekara arba'in ina wanki ba wanda ya taɓa toshe hanci a kan kayan da suka bi ta hannuna.

Zaren na nan a wuyanta. Na gan shi. Ja, ƙulli biyu, irin ɗaurinka. Na ce a raina ba wanke ta zan yi ba, wuya da hammata kawai zan ɗan cuɗa, aljihun ko ɗigo ba zai taɓa ba. Na kwance zaren don kar ya zuba, na ƙulle a bakin zanena. Na tattare aljihun a hannu ɗaya ina cuɗawa da ɗayan. Ban san ta inda ruwan ya bi ba. Kafin in ankara tawadar ta narke ta gangaro har ciki, gaban rigar duk ya yi shuɗi-shuɗi. Hankalina ya tashi. Maimakon in tsaya in kira ka, sai hannuna ya yi abin da ya saba. Na sa lemon tsami, na sa ruwan nan mai wari na cire tabo, na cuɗa, na ɗauraye, na sake. Kafin rana ta faɗi rigar ta fita fes kamar daga shago. Na ce da safe zan gaya maka. Da safe na gan ka kana ta fama da gwangwanayen gashin baki, sai na fasa. Na miƙa wa Mai Tumbi rigar a bayan labule, ya ɗora kwat a kai, ba wanda ya gani.

Ranar ce ta rungumar. A wani ɗakin taro da aka ara, mai shi ya ce ƙarfe huɗu zai rufe. An kunna fitilu, an ce kowa ya yi shiru, Mai Tumbi ya cire kwat. Aljihun riga fari tas, ba tabo. Darakta ya miƙe ya ce, "Wa ya wanke rigar nan? Ko wane ne yau ya bar wurin nan, kuma ba zai ƙara wanke ko tsumma a harkar fim ba."

Ina tsaye bakin ƙofa da baho a hannu. Ka kalle ni sau ɗaya, ba ka ƙara ba. Ka ce, "Laifina ne. Na manta ban ɗaura zaren ba."

Ka ce a ba ka minti goma, biron na jakarka, girman tabon na littafinka, za ka mayar da shi yadda yake. Darakta ya duba agogo ya ce ba shi da minti goma, a ɗauka haka, wa zai lura. Aka ɗauka. Ɓarawo ya rungumi riga fara tas, a ƙarshen fim aka kama shi da tawada a ƙirji. Wannan shi ne na ashirin da bakwai, wanda aka ce ko jariri ya gani. Ƙin minti goman nasa ne. Wankin nawa ne. Shirun da na yi a bakin ƙofar nan ma nawa ne, kuma ya fi wankin muni.

A hanyar gida ka karɓi bahon ka riƙe mini. Muka yi tafiya mai nisa. Sai da muka zo kwanar gidana ka ce, "Amma fa Yaya, wuyan ya fita." Ka miƙo mini bahon ka wuce. Ba ka ƙara tayar da maganar ba har ka koma ga Allah.

Ina jin haushinka, Auta, kuma sai na faɗa. Wa ya aike ka? Ni na goya ka, ni na wanke maka kashi, yaushe ka girma har za ka goya ni? Abokinka na gidan rediyo ya zo har gida sau uku, ya ce ka kawo koren littafin nan a buɗe a gaban duniya, a nuna bakuna goma sha biyar, a nuna awon gashin baki, a rufe bakin kowa. Ka ce littafin ya ɓace. Ƙarya kake, yana ƙarƙashin katifarka. Na daɗe ban gane dalili ba, sai wata rana da na je duba ka kana barci na ɗaga na buɗe. Ga rigar ka zana, ga tabon da shuɗin biro, ga kuma ɗan jan ƙulli a wuyanta. Bakinka ya iya yi mini ƙarya, littafinka bai iya ba. Ka san in aka buɗe don sha biyar ɗin, za a ga na ɗayan. Ka zaɓi a kira ka makaho shekara uku da a kira yayarka jahilar da ta ɓata fim. Ni kuma na mayar da littafin ƙarƙashin katifa, na gyara zanin gado, na fito na ce maka Allah ya ƙara sauƙi. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Na fi jin haushin kaina a kan kowa, har Daraktan.

Malama, kin tsaya. Kalle ni in kina so, na cancanta. Amma idon ubanki bai taɓa mutuwa ba, wannan nake so ki sani. Ranar da ya rasu ma da safe sai da ya ce wa mahaifiyarki ɗan kunnenta ɗaya ba abokin ɗayan ba ne. Tashi ki jawo buhun nan. Koren za ki nema, mai tsagaggen bango, shafin da aka naɗe wa kunne. Ga zaren kuma, kwance shi da kanki daga bakin zanena, yatsuna sun ƙi. Shekara huɗu duk zanen da na ɗaura sai na mayar da shi. Ɗora shi a kan hoton ki gani ko ba shi ba ne.

Abin da nake so ke nan. A ɗauki hoton shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, har da na rigar, kar a tsallake shi. A sa su duk inda aka sa dariyar. A rubuta cewa yayarsa mai wanki ce ta wanke, tana raye, tana nan, mai son dariya ya zo ya yi a gabanta. Darakta kuma ban ce ya dawo ya yi kuka na uku ba. Ya fito a rediyon da ya ce kowane aiki da mai shi, ya ɗauki sha biyar ɗinsa kamar yadda na ɗauki ɗayana. In ya ƙi, littafin zai faɗa.

Allah ya jiƙanka, Auta. Allah ya yafe maka kurakuranka na gaskiya, waɗanda shi kaɗai ya san adadinsu, ya yafe maka har ƙaryar da ka yi domina. Yadda ka rufa mini asiri a gaban mutane, Allah ya rufa maka naka ranar da za a buɗe littafin kowa. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sa ka huta da gyaran abin da wasu suka ɓata. Matarka, wadda ta ci shekara ukun nan tare da kai ba ta taɓa ɗaga maka murya ba, Allah ya ba ta haƙuri da lada, kuma ina neman gafararta. 'Ya'yanka huɗu da jikokinka, Allah ya raya su, ya sa su ɗaga kai in an ambaci sunanka. Abokan aikinka na kirki, waɗanda suka zo ba kyamara, Allah ya saka musu. Ni kuma ka yafe mini, ko da yake na san tun a kwanar gidana ka yafe, shi ne ma abin da ya fi ci mini rai. Allah ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Mene ne, hawayenki ne ya ɗiga a takardar? Tawadar ta baje? A'a, ajiye tsumman nan, kar ki goge. Bar shi yadda yake.